Darasi Ɗaya, Abu Ɗaya: Yadda Muka Shirya Karatun Waya ga Mata Masu Gumar Shinkafa a Argungu

Ni malamar firamare ce a Argungu, da yamma kuma, bayan la'asar, ina koyar da wani ajin yaƙi da jahilci na matan aure da zawarawa a unguwarmu. Mafi yawansu sana'arsu shinkafa ce: su sayi shanshera, su jiƙa, su guma, su shanya, su kai inji a cashe, su auna a kwano su sayar. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a fadamunmu, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casa ta WACOT a nan garin. Shinkafa ta yawaita, masu neman ta ma sun yawaita. Ribar mace mai tukunya ɗaya kuwa 'yar kaɗan ce, kuskuren lissafi guda ya isa ya cinye ta.

Abin da ya tura mu ga waya shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Masu sayen shinkafa suka daina zuwa da kuɗi a hannu, sai dai su ce a ba su lambar asusu. Matan da ba su taɓa taka banki ba suka buɗe asusu, alat ya fara shigowa wayoyinsu, su kuwa ba su iya karanta shi ba. Mace za ta ɗauki waya ta fita neman ɗanta ko ɗan maƙwabta ya duba mata, mai saye yana tsaye yana jiran a ɗora masa buhu a babur. Ran nan suka haɗa baki a aji suka ce: "Malama, a aje abacada tukuna, a hwara koya muna wanga." Ajinmu bai wuce awa guda ba, ba kuma kullum muke haɗuwa ba, lokacin girbi ma rabin aji ba ya zuwa. Dole karatu ya bi su gida, abin da zai iya shiga gidajensu kuwa waya ce.

Ana cikin haka wata ƙungiya mai zaman kanta ta kawo mana 'yan faffaɗan allunan nan da ake kira tabilet, da darussan lissafi a ciki da Hausa. Allah ya saka musu da alheri, an kashe kuɗi kuma an yi da kyakkyawar niyya. Sai dai da na zauna gefe ina kallon matan suna amfani da su, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Darasi ɗaya ya kai minti goma sha biyar. Kiɗa yana tashi a ƙarƙashin murya, wani zanen tsuntsu yana tsalle a kusurwa, rubutu ya cika fuskar allon, mai magana yana karanta shi kalma bayan kalma, a ƙasa kuma maɓallai shida a jere. Mace tana goye da yaro, wani yana jan zanenta, hankalinta rabi yana kan shanyar da ta bari a tsakar gida. Minti uku ba ya cika sai ka ga idonta ya koma kan tsuntsun. Wadda ta fi kowa ƙoƙari ta miƙo mini allon ta ce kanta ya yi zafi. Wata ta ce wannan karatun yara ne, su ƙwaƙwalwarsu ta tsufa. Wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo, domin na san ba gaskiya ba ce.

Na kai kukana wurin wani tsohon malamina da ya koyar da ni a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗiyata, kin taɓa cika buta da bokiti? In kika kwarara gaba ɗaya, abin da zai shiga kaɗan ne, sauran ƙasa zai sha. Laifin ba na buta ba ne." Daga nan ya yi mini bayanin da na zauna a kansa har yau. Ya ce wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu kafin ya zauna ƙarami ne ga kowa, yaro da babba, mai boko da marar boko. A 1956 wani masani mai suna George Miller ya kiyasta cewa abubuwa bakwai ne ko kusa da haka, a 2001 kuma Nelson Cowan ya nuna cewa sun fi kusa da huɗu. John Sweller na Ostareliya ya gina nazarinsa a kan wannan tun daga 1988, shi da abokan aikinsa suka raba nauyin da ke hawa kan mai koyo: akwai nauyin da ke cikin abin da ake koyo shi kansa, akwai kuma wanda mai shirya darasi ya ɗora da hannunsa. Na farkon ba ya ciruwa, sai dai a rarraba shi. Na biyun kuwa haƙƙin malami ne ya sauke. Ya ƙara da gwaje-gwajen Richard Mayer a Amurka, waɗanda suka nuna cewa kiɗan ado da hotunan da ba su da alaƙa da darasi suna rage fahimta, cewa zuba rubutu a allo ana kuma karanta shi da baki a kan hoto yana raba hankali, kuma mutane sun fi ganewa idan an yanka darasi gunduwa-gunduwa suka riƙa wucewa da kansu. Na ce, "Ranka ya daɗe, to daga ina zan fara?" Ya ce in fara da gano abin da matan suka riga suka sani, in cire shi.

Wannan matakin ne ya fi kowanne amfani, bai kuma buƙaci waya ba ko kaɗan. Na riƙa bin su gida ina zama bakin murhu ina tambaya. Akwai wata dattijuwa a ajin da duk muke kira Inna. Na ce mata, "Inna, kwano goma sha biyu, kowane naira dubu biyu da ɗari biyar, nawa ke nan?" Kafin in gama rubuta lambobin ta ce dubu talatin. Na sauya farashi, na sa da rabin kwano, duk ta ba ni daidai. Kusan dukkansu haka suke. Darussan da ke cikin allunan kuwa da ɗaya a tara da ɗaya suka fara. Mai koya wa irin Inna tarawa da ɗebewa ya ɓata mata lokaci, ya kuma nuna mata cewa bai san darajarta ba. Lambobi daga sifili zuwa tara ma yawancinsu sun sani, daga takardun kuɗi da lambar waya. Da na gama tankaɗe, abin da ya rage a faifai kaɗan ne: aikin sifili, waƙafin da ke tsakiyar adadi, ɗigon da ke kusa da ƙarshe, haruffan da ke nuna kuɗi sun shigo ko sun fita, ragowar kuɗin asusu, sai kuma rubuta ciniki a littafi.

Na kafa wa kaina doka: kafin in rubuta kowane darasi, sai na rubuta jimla ɗaya a saman takarda, wadda ke faɗin abin da mace za ta iya yi da hannunta idan ta gama saurare. Idan "da" ta shigo cikin jimlar tana haɗa aiki biyu, darasi biyu ne, sai in raba. Duk abin da bai taimaki wannan jimlar ba, komai kyansa, sai in soke shi. Soke abin da ka sani kuma kake sha'awar faɗa yana da wuya ga malami, domin mun saba auna ƙoƙarinmu da yawan abin da muka faɗa.

Batun tsawo kuwa, malamina ya ba ni labarin wani bincike na 2014 da Philip Guo da abokansa suka yi a kan kallon bidiyo kusan miliyan bakwai a dandalin karatu na edX. Sun gano cewa yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida, komai tsawon bidiyon. Waɗannan mutane ne da suka kai kansu karatun matakin jami'a. Na auna da matan ajina da hayaniyar gidajensu, na tsayar da minti biyu.

Bari in buɗe darasi ɗaya a ga cikinsa, wanda ya fi kowanne yawo a unguwa. Matsalarsa ita ce banki yana rubuta dubu goma sha biyar haka: 15,000.00. Mace ta ga sifili biyar a jere, gabanta ya faɗi. Wata ta ɗauka an turo mata kuɗin da ba nata ba, wata kuma ba ta iya bambanta shi da 1,500.00, wanda nan ne ake cutar mutane. Jimlar saman takardata ita ce: za ta iya watsar da abin da ke bayan ɗigo. Shi ke nan. Darasin yana buɗewa da sallama, sai farin fili da 15,000 a tsakiya da manyan baƙaƙen lambobi. Murya ta ce wannan dubu goma sha biyar ce, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai ɗigo da sifili biyu su bayyana a gefe, murya ta ce wannan ma dubu goma sha biyar ce, abin da ya ƙaru gurbin kwabo ne, kwabo kuwa ba ya sayen komai a kasuwa yau. Sai a ga hannun mace, hannu na gaske da lalle, ya ɗora guntun takarda ya rufe ɗigon da abin da ke bayansa. A maimaita da 8,000.00, a maimaita da 20,000.00, a na ƙarshe murya ba ta faɗin amsa sai bayan ta jira. Da farko yatsa muka sa ya rufe, amma da muka gwada da matan sai suka riƙa kwaikwaya suna taɓa fuskar wayar, bidiyon ya tsaya ko ya tsallake. Shi ya sa muka koma guntun takarda, yanzu da yawansu suna ajiye shi a bayan murfin waya.

Shirun nan da ke tsakanin jimloli na ɗauke shi wani ɓangare na darasin. A cikinsa ne mace ke maimaita adadin a ranta. Duk lokacin da muka rage shi don bidiyo ya gajarta, sai a ga amsoshin sun lalace.

Darasin waƙafi ya koya mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba a ajin yara. Na ce su karanta abin da ke "kafin" waƙafi su haɗa da dubu. Rabin aji suka duba dama. Matan nan sun yi makarantar allo, wasu sun sauke Alƙur'ani, idonsu ya saba farawa daga dama, don haka abin da nake kira kafin, a wurinsu baya ne. Maimakon in ƙara darasi a kan hagu da dama, sai muka yi wa lambobin da ke hagun waƙafi jan launi, murya ta ce: ki ce dubu, sannan ki karanta jan. A dukkan darussan launi ɗaya ne kawai bayan baƙi da fari, kuma aikinsa ɗaya: nan za ki duba. Alat ɗin da ke zuwa babu waƙafi sam mun ware masa darasinsa daban. Miliyan kuwa mun bar ta sai can gaba, tunda ba ta cikin cinikinsu na yau da gobe. Haruffan CR da DR ba mu koyar da su a matsayin Turanci ba, mun nuna siffarsu kawai: wannan shigowa, wannan fita. Su ma ba a rana ɗaya ba, domin sun yi kama, idan aka kawo su tare sai su cakuɗe.

Ƙanena ne ke haɗa mini bidiyon a wayarsa da manhajar CapCut, yaro ne mai basira, ya saba yi wa masu biki. Mun ja da shi sosai. Ya ce, "Yaya, abu ba kiɗa ba ado wa zai tsaya kallo? Ko ɗan tambari mai juyawa a farko ki bari in sa." Na fahimce shi, domin a sana'arsa aikin shi ne a riƙe idon mai wucewa. Mu kuwa matanmu ba wucewa suke ba, da buƙatarsu suka zo, abin da muke tsaro shi ne kada mu kashe musu ɗan hankalin da suka ware mana. Na ce ya zo aji ya gani da idonsa. Ya haɗa darasi ɗaya iri biyu, mai ado da marar ado, muka raba wa mata. Da ya ga yadda masu marar adon ke amsa tambaya, bai ƙara kawo maganar ba, har ya zama shi ke nuna mini inda na cika surutu. Abu ɗaya da na ƙi cirewa shi ne sallama. Muryar da za ta shiga ɗakin matar aure ba ta shiga haka kawai. Amma doguwar gaisuwa, ina gajiya ina yara ina aiki, wannan mun bar ta sai mun haɗu.

Rubutu a fuskar waya mun rage shi ƙwarai. Mai koyon karatu idan ta ga kalma sai ta tsaya tana haɗa baƙi, kafin ta gama murya ta yi nisa. A darussan lissafi lambobi ne kawai ke fitowa. Inda dole sai an sa kalma, kamar kanun littafin ciniki, sai muka ci karo da matsalar ƙ da ɗ da ɓ: yawancin zubin haruffan da ke cikin manhajar ba su da su, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan uwansa. Muka samo Andika, zubin haruffan da ƙungiyar SIL ta tsara domin masu koyon karatu, kyauta ne, yana da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma "a" ɗinsa irin wanda muke rubutawa da alli ne a aji. Bidiyon a tsaye muke yin sa, saboda a haka suke riƙe waya. Fari da baƙi kuma su ne ke ganuwa a tsakar gida da rana tsaka, ko da gilashin wayar ya tsage.

Murya tawa ce, da Hausar da muke yi a gida. Na lura duk kalmar da ba ta kunnensu ba tana tsayar da su kamar yadda sabon adadi ke yi, don haka icce nake cewa, wanga nake cewa. Da dare nake ɗauka, bayan injin niƙan maƙwabta ya yi shiru, a ɗakin da ke da katifa da labule don kada murya ta yi amo.

Sai babbar matsala: ba kowa ke da babbar waya ba. Da yawa ƙaramar Itel ko Tecno mai madannai ce a hannunsu, wasu kuma ta maigida ce, sai ya dawo da dare. Ga masu ƙananan wayoyi muka yi darasin murya zalla. Na ɗauka cire hoton kawai za a yi, ashe sabon rubutu ne gaba ɗaya, domin "dubi nan" ba ta da ma'ana ga mai saurare. Muka buga 'yan takardu muka ɗinke, kowane shafi adadi biyu ko uku manya-manya, a saman shafin kuma hoto: kifi, tukunya, kwano, rariya. Murya sai ta ce buɗe shafi mai kifi, ta jira. Ta haka neman shafi bai zama wani karatun ba. Saƙon murya na WhatsApp ba ya buɗuwa a yawancin ƙananan wayoyin nan, sai an juya shi zuwa MP3. Idan aka matse shi daidai da maganar baki, minti biyu bai kai rabin megabait ba. Sunan kowane darasi da lamba yake farawa, 01, 02, 03, don su jeru a memori yadda ya kamata, tunda ƙaramar waya farkon suna kawai take nunawa.

Bidiyo ma mun ƙayyade kada ya wuce megabait biyar. Wayoyin a cike suke da wa'azi da hotunan biki, ga tsadar data, musamman bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Yawanci a aji muke turawa ta Xender ko Bluetooth, ba a kashe ko sisi. Akwai mai shagon caji a bakin hanya da ya yarda ya riƙa zuba wa masu memori. Na roƙe shi alfarma ɗaya: kada ya zuba duka. Mace ta buɗe waya ta ga darasi talatin a jere, gwiwarta ta yi sanyi tun ba ta fara ba. Biyu ake ba ta, in ta dawo a ƙara biyu. Tunda kuma na san wasu a wayar maigida za a saurara, shi ma yana ji, na kula da lafazina sosai. Wani magidanci da kansa ya aiko a tambaye ni ko akwai na maza, shi ma alat ɗin yana ba shi wahala.

Zauren WhatsApp da muka buɗe wa masu manyan wayoyi ya cika da gaisuwar Juma'a da sanarwar suna da biki, darasi ya nutse a ciki. Ban so in hana zumunci ba, don shi ke riƙe ajin. Sai muka buɗe na biyu wanda ni kaɗai ke iya turawa, na farkon ya zauna na hira da tambaya. Darasi biyu a mako, ba a turawa ranar kasuwa. Kowane sabon darasi da tambaya ɗaya yake farawa daga na baya, bayan makonni kuma sai in tura hoton alat kawai in ce nawa ne, su amsa da murya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaici da tazara ya fi maimaici a zama ɗaya. Mu da muka yi tilawa a makarantar allo mun san wannan a aikace.

Gwaji kuwa, na daina tambayar "kin gane?" Kunya da kara ba za su bar babbar mace ta ce wa malamar da ke sa'ar 'yarta ba ta gane ba. Sai in miƙa mata waya in koma gefe in yi shiru, in kalli yatsanta da fuskarta. Inda ta mayar da bidiyo baya, akwai abin da na gaggauta. Inda ta ɗaga kai ta dubi ta kusa da ita, akwai kalmar da ba ta zauna ba. A ƙarshe in nuna mata wani alat da ba ta taɓa gani ba in ce ta karanta. Babu darasin da ke fita sai ya bi ta hannun mata biyu ko uku, ciki har da wadda ta fi kowa jinkiri.

Allunan da aka kawo mana ba mu ajiye su ba. Muka zuba namu darussan, muka kwashe duk gumakan da ke fuskar allon sai guda. Android tana da hanyar kafe manhaja ɗaya ta yadda ko an taɓa wani wuri ba za a fita ba, muka kunna ta. Google tana ba masu ƙera manhaja shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita tara, amma hannun da ya sha ruwan zafi da toka ya fi son wanda ya fi haka girma. Wadda ba ta saba ba kuma dannawa take da ƙarfi ta riƙe, kamar madannin ƙaramar waya, sai wani abu daban ya buɗe. Wannan ba a koyar da shi ta bidiyo, hannu na kama na nuna wa kowace. Mata uku ke zama kan allo ɗaya, ɗaya ta taɓa, ɗaya ta faɗa, ɗaya ta rubuta, sai su juya.

Lissafin riba shi ne ya fi ba ni aiki, domin a nan nauyin na abin ne shi kansa. Ba za ka ce riba ba sai ka riƙe kuɗin shanshera da icce da ruwa da inji da dako a lokaci guda, ka kuma riƙe abin da aka sayar. Sun haura huɗun da malamina ya faɗa, kuma babu wanda za a soke. Mafita ita ce takarda ta ɗauki kayan. Shafi ɗaya, layi a tsakiya: gefe abin da ya fita, gefe abin da ya shigo. Darasin farko jan layin ne kawai da rubuta kuɗin shanshera. Na biyu ya ƙara icce da ruwa. A haka har shafin ya cika, da kuɗin misali: shanshera 40,000, icce 3,000, ruwa 1,000, inji 3,000, dako 1,000, jimla 48,000, an sayar da kwano 21 a kan 2,500, an sami 52,500, riba 4,500. Na bi hanyar da Sweller ya nuna tana sauƙaƙa wa sabon shiga: a fara nuna misalin da aka warware daga farko har ƙarshe, na gaba a bar matakin ƙarshe a buɗe, na gaba a bar biyu, har mace ta cika shafin ita kaɗai. Da yawansu ba su taɓa sa icce da ruwa cikin lissafi ba, saboda kaɗan-kaɗan ake sayensu. Wata da ta cika shafinta na gaske ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce daga yau ta san farashin da ba za ta sauka ƙasa da shi ba.

Inna ce ta kawo abin da ban sa a tsari ba. Ta ce, "Malama, kwano biyu da nika ɗiba na tuwon gida, ina za a rubuta su? Abin da ɗiyana sunka ci ba asara ba ne, ba kuma ciniki ba ne." Gaskiyarta. A gidaje da yawa wannan shinkafar ita ce babban amfanin sana'ar, shafin da ya ɓoye ta zai nuna wa mace ribarta ta fi ƙanƙanta fiye da yadda take. Na so in ƙara gida na uku a shafin, amma da na gwada da sababbin shiga sai suka rikice tsakanin gidajen. Muka bar shafin da gida biyu, muka yi wani darasi daban da ke zuwa bayan mace ta saba: duk kwanon da aka ci a gida, a zana ɗan da'ira a ƙasan shafi, ranar lissafi a ƙirga da'irorin a faɗi kuɗinsu da ka, abin da dama sun fi ni iyawa. Na roƙi Inna ta ɗauki muryar wannan darasin da kanta, ta yarda bayan ta shawarci 'ya'yanta.

Yanzu muna kan darussan bashi, wanda shi ma suka nema da bakinsu, don yawancin cinikin unguwa a kan bashi yake tafiya. Na raba shi gida biyu tun daga tushe, wanda nake bi da wanda ake bi na, kowanne da shafinsa, kuma ba za su fita a mako ɗaya ba. Wadda ba ta iya rubuta suna ba tukuna za ta yi wa kowane mai bashi alamar da ta zaɓa, ta rubuta adadin a gabanta.